Yaƙin Sabi'u da Ɗan Aiken da Ya Ƙi Kawo Amsa

Da sunan Mai kowa mai komai muke buɗe tarihin Sabi'u ɗan Hamisu mai gyaran rediyo, jikan Tanko mai ɗinkin laima, zuriyar da ba ta taɓa ganin abu da murfi ta bar shi a rufe ba. Barden Kwamfuta, Garkuwan Gusau ta Kudu, gwarzon da madannai ke kuka a ƙarƙashin yatsunsa.

Bayan haka, Gwaggonsa Asabe mai dambun nama ta sa ya gina mata shafin ciniki a intanet, sai ga musiba: duk wanda ya shiga, shafin ya ce masa kaya sun ƙare, alhali bokitin dambu cike yake a gefen teburin Barde. Gwaggo ta yanke hukunci cewa ba shi ba kwanon gidanta har sai shafin ya faɗi gaskiya. Ga gwauron da ko shayi bai iya dafawa ba, wannan ya fi takobi kaifi.

A cikin rubutun shafin akwai wani ɗan aike, masu sana'ar na ce masa fankshin. Aikinsa a tambaye shi ko akwai kaya, ya dawo da eh ko a'a, babu na uku. Barde ya tuɓe hula, ya ja ɗamara, ya afka wa rundunonin layukan rubutun shafin tun hantsi, yana tuhumar sabis, yana la'antar kamfanin waya, yana kashe kwamfuta yana kunnawa, kuma domin mayaƙi ba ya yaƙi da yunwa, hannunsa na hagu na kai ziyara bokiti a kai a kai.

Da la'asar sakaliya ya kama maci amanar. Ashe ɗan aiken na zuwa ya duba kaya tsaf, amma Barde da kansa ya manta bai rubuta masa ya dawo da amsa ba, shafin kuwa ya ɗauki shiru a matsayin a'a. Ya ƙara kalma ɗaya tak.

"Na yi maganinsa! Gwaggo, fito ki ga aiki!"

Shafi ya ce akwai. Nan take wata Hajiya mai shirin tafiya Legas ta nemi bokitin gaba ɗaya, ta ce direba na hanya. Gwaggo ta yi hamdala, ta sa masa albarka har da iyayensa, ta zuba masa tuwo, sannan ta lura da maiƙon da ke gemunsa.

"Sabi'u, dambun nan akwai ko babu?"

Barden Kwamfuta, Garkuwan Gusau ta Kudu, ya ɗaga murfi ya duba tsaf, bai dawo da amsa ba. Gwaggo ta ɗauki shirun yadda shafinta ya saba ɗauka, ta je ta mayar da tuwonsa tukunya.