Bokitin Ƙasar da Na Ɗebo a Mpape

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe tara da kwata na safiyar wata Laraba ba, lokacin da na sauka daga babur ɗin okada a unguwar Mpape riƙe da bokiti da ƙaramin shebur. Aikina na kammala digiri shi ne in gano ko gangaren da ke bayan wasu gidaje zai iya zaftarewa da damina. Malamina ya ce in ɗebo ƙasa daga wurare da yawa, domin ko a tudu ɗaya halin ƙasa yana bambanta: nan tsakuwa, gaba kaɗan yumɓu.

Matsalar ita ce duk hanyar hawa gangaren ta tsakar gidan wani ta bi. Ni kuwa ko a aji sai na faɗi sunana sau biyu kafin a ji. Na daɗe a tsaye ina bitar sallama a zuci. Can na hango tarin jar ƙasa a gindin gangaren, ba kowa a wurin. Na cika bokiti, na gudu. (Na ce wa kaina ai ƙasa ƙasa ce.)

Mako uku ina ɗakin gwaji. Na busar, na tankaɗe, na auna, sau shida, kullum amsa ɗaya. Na rubuta cewa gangaren nan ba inda za shi, har na ja layi a ƙarƙashi.

Malam ya duba ya ce, "Gwaji shida, babu bambanci ko kaɗan? Mu je ki nuna mini wuraren."

Muka je, da 'yan ajinmu huɗu. Tarin ya koma rabi, ga bulo jere a gefe. Ina nunawa da yatsa sai wata dattijuwa ta fito daga gidan da ke kusa, ta dubi Malam.

"Oga, wannan ƙasa tifa ne ya kawo shi daga Kuje, ɗana yana buga bulo." Ta ƙura mini ido. "Ashe ke ce mai bokiti! Na gan ki ta taga. Na ce wayyo, mai ciki ne, kwaɗayin ƙasa ya kama ta, a bar ta."

'Yan ajinmu har da riƙe bango. Ni kuwa na tsura wa takalmina ido.

A mota, da ƙyar na buɗe baki. "Malam, ke nan na faɗi?"

Ya ce, "Lissafinki ba kuskure. Ki aika wa mutanen Kuje albishir, ƙasarsu lafiya lau. Gobe ki dawo ki haƙa rami goma a kan gangaren, kuma kowanne ki fara shi da sallama."