Ranar da Na Hana Suwic Yin Tunani

Ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta a Dilimi, kuma kowace waya tana da lamba a littafina. Don haka raina ya ɓaci da na tarar sabon suwic, akwatin da ke raba mana intanet, yana kan oto, wato shi da kansa yake zaɓa wa kowane ramin waya gudunsa ba da izinina ba.

"Oga, bar shi a oto mana," in ji Madam Nanret, mai yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. "Yau ake rufewa fa."

Na shaida mata cewa ban yi digiri don akwati ya yanke mini hukunci ba. Na saita ramuka ashirin da huɗu da hannuna, na ɗora wa ramin da intanet ke shigowa gudun da bai dace ba. Komai ya tsaya cak.

Nan take na rubuta wa kamfanin intanet koke mai shafi biyu. Ina buga hatimi Madam ta mayar da suwic ɗin oto, rajista ta ci gaba.

Har yau, ko ruwan famfo aka ɗauke, sai ta leƙo ofishina: "Oga, ka sake yin gyara ne?"