Kakannina Ne Suka Shanye Maganin

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da wata tsohuwa ta tsaya gaban abokan aikina ta zayyano abin kunyar da kakannina suka tafka, ni kuwa ina zaune cikin babbar riga da tsinken tsire a hannu. Tsohuwar ba mutum ba ce, a cikin waya take. Kakannin ma ba nawa ba ne. Amma kunyar tawa ce, ni kaɗai na kwashe ta.

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare nan cikin Katsina, shekara ashirin da 'yan kai ina wannan aiki. Wanda ya jefa ni cikin rigimar shi ne Malam Bello, malamin lissafi, wani siririn Bafulatani da in iska ta taso sai mun riƙe masa riga. Shi ya kawo wani wasan intanet ɗakin malamai, irin wanda mutum biyar ke haɗa ƙungiya a waya su shiga wata duniyar almara, su yaƙi dodanni, su yaƙi wasu ƙungiyoyin. Da farko wa'azi na yi musu a kan ɓata lokaci. Bayan sati biyu ni ke bin mutane ina roƙon aron caja.

Ga yadda wasan yake. Da ka shiga, sai ka zaɓi jinsin da za ka fito daga ciki: akwai Mutanen Kurmi, akwai Gajerun Rami, akwai Ƙattin Dutse, da wasu tarkace. Daga nan ka yi ta fama har ka kai mataki na talatin, sannan ka je Zauren Naɗi, inda wata tsohuwa za ta ba ka sana'a: maharbi, ko mai takobi, ko mai garkuwa, ko matsafi, ko mai magani. Sai dai ba kowane jinsi ke samun kowace sana'a ba, kuma duk hanin da aka yi akwai dalilinsa a cikin tarihin da masu wasan suka tsara. Malama Rabi, malamar Turanci, 'yar Kurmi ce a wasan. Ita ta faɗa mana cewa danginta ba sa riƙe takobi, wai gatari ne ya sare itaciyar da ta haife su, suka rantse ba su ba ƙarfe har abada, kibiyarsu ma ta ƙashi ce. Kamar dai a cikin birni, inda gidan maƙera daban, na wanzamai daban, kuma in ka tambaya za a ba ka labarin yadda aka yi.

Ni Ƙato na zaɓa, don shi ya fi cika fuskar waya, kuma ta wajen tumbi muna ɗan yanayi. Da aka nemi suna, sai na rubuta sunana na yanka, na ƙara na mahaifina, na ɗora na kakana a kai (mu 'yan Ƙofar Sauri ba mu iya ɓoye asali ba, ko a takardar asibiti). Sai wani dogon rubutu ya fito, tarihin Ƙattin Dutse, shafi bayan shafi. A can ƙasa kuma ga ɗan maɓalli na wucewa. Na danna. Wani shafin ya zo, na danna. Ni da nake korar ɗalibi daga aji in bai yi karatun gida ba, na wuce tarihin jinsina kakaf cikin abin da bai kai tsawon atishawa ba.

Ana nan sai wasu malamai 'yan Kano suka aiko mana da ƙalubale, aka sa ranar karawa. Sauran huɗun ƙungiyarmu duk an naɗa su, ni kaɗai na rage a baya (yatsuna masu kauri ne, in na nufi dodo sai na doki bango). Kuma ƙungiyar ba ta da mai magani, wanda in babu shi duk wanda aka sara ya tafi ke nan. Na miƙe na bugi ƙirji na ce wannan kujera tawa ce.

Malam Bello ya dube ni ta saman tabarau. "Malam, ka duba kau? Ƙatti na iya magani? Ni dai ban taɓa ganin ko ɗaya da sandar magani ba."

A nan ne ya kamata in ce bari in duba. Amma akwai mutane a wurin, kuma ni ne malamin tarihi. Sai na gyara murya.

"Kai Bello, ka tsaya ga lissafinka da shanunka. Na karanta tarihin nan daga bango zuwa bango. Ƙatti su ne tushen magani. Su suka koya wa sauran jinsi jiƙo da turare. Ba ka ganin su da yawa ne don ba kowa ke da zurfin ilmin ba."

Na yi kusan minti goma ina zuba, har da sunayen sarakuna uku da na ƙirƙira a take. Malama Rabi ta ce, "Kai, Allah ya ƙara basira, Malam." Kowa nasa tarihin kawai ya karanta, ba wanda ya ga dalilin bincikar nawa.

Sati uku ƙungiyar nan tana yi mini bauta. Duk hutun tara su raka ni farautar dodanni don in hau mataki. Duk ganyen magani da suka tsinta su tura mini. Malam Bello ya fasa sayen sabon sulke ya haɗa mini kayan sanda. Ranar Laraba na taka mataki na talatin, karawa kuma Asabar. Na ce naɗi irin wannan ba a yin sa a ɓoye. Ranar Alhamis na ci babbar riga, na biya ta Ƙofar 'Yandaka na yo tsire da lemo, Malam Bello kuma ya jona wayata da majigin makaranta ya haska a bango. Har malaman da ba su san wasan ba suka jawo kujeru, saboda ƙamshi.

Ƙatona ya shiga Zauren Naɗi yana taku ɗai-ɗai. Tsohuwar ta tambayi sana'ar da nake so. Na juya na kalli jama'a, na danna mai magani.

Kiɗan ya canza. Tsohuwar ta miƙe tsaye ta nuna ni da sanda, rubutu ya fara fitowa. Na laluba ƙasa ina neman maɓallin nan nawa. Babu shi. Wannan wurin ba a wuce shi.

"Bari in fassara don kowa ya amfana," in ji Malama Rabi, ta tashi ta tsaya kusa da bango kamar sanƙira.

Ta fara fassara maganar tsohuwar, ta kira sunana, da na mahaifina, da na kakana, tiryan-tiryan kamar yadda na rubuta. "Ya kai jikan maciya amana! Da wace fuska ka zo neman sandar magani? Ka manta cewa kakanninka aka ba gadin rijiyar waraka? Da annoba ta sauka, jinsi-jinsi suka zo da majinyatansu suna kuka a bakin ƙofa, kakanninka suka sa sakata, suka zauna suka shanye rijiyar tas."

"Subhanallahi," in ji wani daga baya, bakinsa cike da tsirena.

"Ba a gama ba. Ta ce wannan maganin da suka shanye shi ne ya kumbura ku kuka zama ƙatti." Nan Malama Rabi ta dakata. Ta saukar da ido kan tumbina. Ɗaki duka ya bi idonta. "Saboda haka hannun zuriyarku ba zai ƙara warkar da ko ƙurji ba. Abu ɗaya aka bar muku, ku ɗauki garkuwa ku tsaya a gaba, dukan da za a yi wa wasu ya sauka a kanku, ko kwa rage alhaki."

Wallahi an yi dariyar da har mataimakin shugaban makaranta ya leƙo yana tambayar mi ya faru. Malamin kimiyya ya sulalo daga kujera. Ni kuwa na ƙura wa tsinken hannuna ido kamar ranar na fara ganin tsinke.

Malam Bello kaɗai bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Malam, daga bango zuwa bango ka ce."

"To ai ka ji da kunnenka, rijiyar a hannunmu take. Ban yi ƙarya duka ba."

"Sarakunan nan ukku fa?"

"Waɗannan sai an zurfafa bincike."

Ba a canza jinsi sai dai a sake wasa daga farko, kwana biyu kuma ba sa kai mutum mataki na talatin. Na koma wurin tsohuwar na karɓi garkuwa, ba babbar riga, ba majigi. Ranar Asabar muka shiga fili ba mai magani. Na tsaya a gaba kamar yadda aka yanke wa zuriyarmu, Kanawa biyar suka taru a kaina suka yi ta jibga kamar masu bugun shinkafa. Da na faɗi, suka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Shayin da na zuba kafin a fara ko hucewa bai yi ba. Suka aiko da saƙo suna tambaya ko a Katsina ba a san asibiti ba ne. Malam Bello ya yi sati guda gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma gajera, wadda ba ta kai ga tambayar iyali.

Har yau a ɗakin malamai Sha-Rijiya ake kira na, kuma in wani ya ajiye maganin mura a kan tebur ya hango ni, sai ya jawo abinsa ya sa aljihu. Abin da na koya kuwa ba shi da yawa. In dai har mutum ya ƙudura sai ya yi ƙarya a kan tarihi, to ya nemi wanda shaidunsa duk sun riga mu gidan gaskiya, kada kuma ya gayyaci malamar Turanci.