Mayafina da Jinin Cakulan

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na fara fita bayan takaba ba. Marigayi maigidana, Alhaji, mutum ne mai son fina-finan kaboyi na talabijin, irin na da marasa kala. Kafin rasuwarsa ya biya kuɗin kujera biyu a wani ƙaramin zaure a unguwar Marylebone da ke Landan, inda za a nuna yadda ake haɗa su. Ƙanwarsa Rabi ta ce mu je, kada kujerunsa su zauna ba kowa.

Alhaji faɗuwa ya yi a kicin ɗinmu na unguwar Lewisham, kansa ya bugi gefen tebur, ajalinsa ke nan. Ni kuwa na tsaya ina kallon jinin, na kasa taimaka masa. Tun ranar ko cokali ya faɗi sai na zabura.

Wani tsohon Bature ya hau dandamali yana ta bayani da Turanci mai sauri (rabi nake kamawa, sauran gyaɗa kai kawai nake yi). Sai ya kira abokin aikinsa, mai furfura kamar ta Alhaji, ya ɗauki kwalba ya kwaɗa masa a ka. Kwalbar ta tarwatse. Mutumin ya zube, wani abu baƙi-baƙi yana gangaro masa ta goshi.

Ban san lokacin da na tsallake kujeru ba. Na cire mayafina na danne masa kai, ina salati, ina roƙon a kira motar asibiti. A raina ina cewa wannan karon ba zan tsaya kallo ba.

Mutumin ya buɗe ido ɗaya, cikin ladabi ya roƙe ni in sassauta, yana son ya yi numfashi. Ashe kwalbar da sukari ake yin ta, jinin kuma cakulan ne, wai a fim marar kala shi ya fi fitowa kamar jini. Bayanin da na gama gyaɗa wa kai ke nan. Zaure ya ɗauki tafi.

A jirgin ƙarƙashin ƙasa, muna komawa gida, Rabi ta shinshina mayafin ta ce, "Anti, da Yaya yana nan, da fitar da shi za a yi saboda dariya." Na yi dariya, ta farko tun rasuwarsa, har ta koma kuka.

Na dai daina gyaɗa kai ga abin da ban gane ba. Amma in aka sake kwaɗa wa wani kwalba a gabana, Allah ya sani, zan sake tashi.