Ranar Da Na Ce Nurlan Ya Makara

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Doha ba, a shekarar korona, lokacin ina gadi a filin ƙwallon Al Thumama da ake ginawa saboda gasar cin kofin duniya.

A masaukinmu akwai wa da ƙane 'yan Kirgistan, Nurlan da Azamat. Rashanci suke yi, Turancinsu bai wuce gaisuwa ba. Ni kuwa da na ci Turancin sakandare da ƙyar (sai a zama na biyu, amma wa ya sani a Qatar?) sai na naɗa kaina malami. Kullum bayan la'asar ina koya wa Azamat, ƙanen. Rashanci ba shi da su "a" da "the", wata guda muka yi muna fama da su. Da muka zo kan "late" na ce masa makara ke nan, na ba shi misali da wansa, wanda kullum sai motar kamfani ta jira shi. Ustaz yake kirana, ni kuma ina ta hura hanci.

Sai cutar ta kama Nurlan, aka tafi da shi asibiti, mu aka kulle mu a masauki. Bayan kwanaki shugabanmu ya kira ni a waya, ya ce Nurlan ya rasu da safe, yana neman mai jin Rashanci da zai faɗa wa ƙanen. Na ce haba, ai ɗalibina ne, a bar mini.

Na tarar da Azamat yana wanke takunkuminsa a famfo. Na tsaya daga nesa, na gyara murya. Na ga "died" ta yi nauyi, sai na ɗauko irin tamu ta Najeriya, inda "late" ke nufin marigayi (a tunanina ladabi nake yi).

"Azamat, your brother is late."

Ya kwashe da dariya. "Always late, Ustaz!" Wai kullum ma haka yake. Sai fuskarsa ta washe, ya ɗauka an sallamo wansa, hanya ce ta riƙe shi. Kafin in haɗa wata jimlar ya ruga ɗaki, ya kakkaɓe katifar Nurlan, ya ɗora ruwan shayi, ya danna lambar mahaifiyarsu zai yi mata albishir.

Na manta da dokar ba da tazara, na riƙe hannunsa. Turancin nan kaf ya gudu ya bar ni. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Wannan bai buƙaci malami ba. Ya zuba mini ido, sannan ya sulale ya zauna a ƙasa. A daidai lokacin tsohuwar ta ɗauka, muna jin muryarta tana kiran sunansa.

Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, wanda ni ya fi mini ciwo. Darasi dai ya mutu daga ranar, kuma kafin a buga wasan farko ya koma ƙasarsu.

Yanzu in aka ce wa ya iya Turanci, takalmina nake kallo. Na kuma gane mummunan labari ba a yi masa kwalliya. Mai faɗa ne kawai ke jin sauƙi, mai ji kuwa sai ya ji shi sau biyu.