Farin Ƙashin Da Na Dafa Wa Mai Jego

Ba zan taɓa mantawa da ranar da surukata ta leƙo ni ta cikin ƙashin saniya ba. In na ce ta leƙo ni, ba misali nake yi ba. Ido ɗaya ta runtse, ta kafa ɗayan a bakin ƙashi, ta hango ni ta ɗaya bakin ina tsugune ina murmushin jiran yabo. Amma bari in faro muku daga tushe.

Shekarar da matata Dije ta haifi ɗiyarmu ta fari ce. Dije ɗiyar makiyaya ce daga wata rugga bayan Gene, ni kuwa ɗan Malanbil ne, dillalin albasa, jikan dillalin albasa (a gidanmu jariri ƙamshin albasa yake fara shaƙa kafin na uwarsa). Haihuwar ta zo da wuri, ba a kai ga mai da Dije gidan iyayenta ba. Sai Inna, uwarta, ta taho da ƙwaryarta da niyyarta: ana gama suna za ta tattara ɗiya da jika su tafi rugga, sai an yi arba'in.

Ni kuwa na ƙi. Ba a gabanta ba, ai ban isa ba. A gaban Dije na ƙi. Jaririyar nan in ta yi hamma sai in ji kamar an ba ni kyautar kasuwar Malanbil da rumfunanta. A ce a ɗauke min ita har arba'in? Na sa Dije ta roƙa mini. Inna ta saurara, sannan ta dubi jaririya (da ita take magana duk lokacin da take son in ji, tunda kunya ba ta bari ta yi da ni), ta ce, “To, 'yar nan, mu ga abin da mutanen birni ka ba mai jego. In romo na na gaskiya, mu zamna. In ruwa na, akwai ruwa rijiyar rugga.”

Abin da al'ada ta sani mai sauƙi ne. Miji ya sayo ƙafafun saniya, ya miƙa wa mata, ya ja bakinsa ya yi shiru. Su babbake, su kankare, su dafa da yaji, mai jego ta sha jikinta ya dawo. Sayen zan iya, miƙawar zan iya. Shirun ne Allah bai hore mini ba. Daga bakin ƙofa na ɗaga murya na ce, “Dije, a gaya wa Inna ta huta. Romon ga ni zan dafa shi da hannuna.” Kafin azahar na gaya wa mai shayi, na gaya wa direbobin kamiyo, manyan motocin nan masu lodin albasa, na gaya wa wani baƙo da ya tsaya tambayar hanyar Garu. Ni da ban taɓa tafasa abin da ya wuce ruwan shayi ba.

Washegari da sassafe na nufi wajen mahauta. Ɗan Ladi, wanda gidanmu ke sayen nama wurinsa tun ina yaro, ya hango ni ya kwaɗa mini kira.

“Angon ƙarni! Barka da arziki! Ga ƙafafu, da safen ga anka yanka. Ga gwiwa, ga wutsiya. In kana son ɓargo in sara maka ƙashin cinya.”

Na duba. Gashi, jini, taɓo tsakanin kofato, ƙudaje sun taru kamar ana rabon gado. Na ce a raina: matar da ta tsufa tana kallon kofaton shanu, ta zo birni kuma in kai mata kofato? Ina bambancin?

“Ɗan Ladi,” na ce, “wanga ai takalmin saniya ne. Ni ƙashi nake nema mai tsabta, na manya.”

“Takalmin ga shi ka yin romon,” in ji shi. Da ya ga na juya sai ya ƙara da, “To, Allah shi ba da sa'a,” ya ci gaba da sara.

Can bayan rumfunan, kusa da inda manyan motoci ke tsayawa, na ci karo da abin da raina ke so. Ƙasusuwa ne tari guda an shanya kan buhuna, manya-manya, farare fat kamar an wanke da bula. Ba jini, ba ƙarni, ko ƙuda ɗaya bai sauka a kansu ba. Wani tsoho na zaune gefe yana gyangyaɗi. Da na ce zan saya, ya buɗe ido ya tambaye ni, “Kaji kake kiwo?” Na ce a'a, harkar gida ce. Ya daɗe yana kallona, ya ce, “Ikon Allah. Zaɓi.”

Jama'a, da kun ga zaɓen nan. Na naɗe hannun riga. Ina ɗaukar biyu ina gwara su kamar mai sayen tukunyar ƙasa, wanda ya yi ƙara ƙwal in ajiye gefe. Wanda na ji ba nauyi in ce wannan na ɗan maraƙi ne, bai sha wahalar duniya ba. Na haɗa da allon kafaɗa guda biyu don kawai faɗinsu ya kai faranti. Da tsoho ya faɗi kuɗin sai da na ji tausayinsa, na kuma yanke hukunci a take cewa Ɗan Ladi ya daɗe yana cutar zuriyarmu.

A rumfata ta albasa na hura wuta, don kada mata su sa mini baki. Na ari tukunyar mai tuwo. Na zuba citta, kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa, barkono, daddawa, da albasar da za ta ishi walimar masu hawan Arfa. Ƙamshi ya tashi, layin albasa ya tsaya cak. Abokai suna zuwa suna leƙawa, ni kuwa ina riƙe da ludayi ina wa'azi: “Kun ga ƙashi mai tsabta? Ko kumfa babu!” Gaskiya har azahar ban ga maiƙo ko ƙwaya ɗaya yana yawo a sama ba. Na waiga dama, na waiga hagu, na tsiyaya man gyaɗa (Allah na tuba).

Da la'asar na sa sabuwar riga, na ɗora tukunya a amalanke, na tura da kaina har gida. Tsakar gida cike da mata 'yan barka. A cikinsu akwai Hajo, taubashiyata, ɗiyar kawuna, mai sayar da romo a tasha. Tun muna yara bakin Hajo ke bina, kuma al'ada ta ba ta dama ta ce mini komai, ba ni da kotun da zan kai ƙara.

Na sauke tukunya gaban ɗakin mai jego, na koma gefe na tsuguna, na sunkuyar da kai irin na surukin kirki. Inna ta fito da jaririya a kafaɗa. Ta buɗe murfi, ta shaƙa. Ta tsoma yatsa, ta manna shi da babban yatsa, ta raba. Ba danƙo. Ta sake. Ta kurɓa a ludayi, ta haɗa leɓɓanta ta buɗe, tana jiran su kama juna. Shiru.

“'Yar nan,” ta ce wa jaririya, “yaji ya zo. Albasa ta zo, ita da danginta. Saniyar ce ba ta zo ba.”

Wata ta yi tari. Inna ta miƙa wa Dije jaririya, ta tsamo ƙashin cinya mafi girma, wanda na fi alfahari da shi, ta buga bakinsa a gefen turmi don ɓargo ya faɗo. Ruwa ya ɗiga. Ta sake bugawa, ƙwal! Sai ta ɗaga shi a hankali ta kai ido, ta juya shi har ya daidaita da ni.

“Ga ubanki can,” ta ce. “Ina ganinai sarai. Har da hula.”

Da abin ya tsaya nan da na rayu. Sai Hajo ta zabura.

“Inna, ba ni ƙashin ga in gani!” Ta karɓa, ta juya shi, ta dafe ƙirji. “La ilaha! Wallahi na san shi! Ga saran gatarina nan, mai giɓi. Shekaranjiya na dafa shi direbobi sunka sha. Jiya na sake tafasa shi na yi na marece. Sannan na kai ma tsohon da ka tara ƙashi ana ƙonawa a niƙa ma kaji!” Ta juyo kaina. “Taubashi, ƙashin da ni Hajo na sallama? Ni da ba ni yada ƙashi sai ya rantse ba shi da sauran komi? Shi ka sayo ma mai jego?”

Gida ya ɗauka. Wata tsohuwa ta sulale daga kan kujera. Dije na ɗaki tana riƙe da ciki tana cewa, “Don Allah ku bari, dariya na yi min ciwo,” tana kuma ƙarawa. Ni kuwa na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi, ga shi ni na sa aka shafe ta da siminti.

Washegarin suna Inna ta ɗaure ƙwaryarta, ta goya jikarta, Dije na biye. Ko roƙo ban yi ba, da wace fuskar?

Haka na koma ɗan hanyar Gene har aka yi arba'in. Duk ranar da kasuwa ta lafa, in je wurin Ɗan Ladi in sayi takalman saniya da gashinsu da taɓonsu, in ɗaure bayan moto, wato babur, kofatai sun leƙo dama da hagu. Labari ya riga ni isa shingen jandarmomi (aikin Hajo ne, direbobi ke cin abinci wurinta). Sun daina tambayata takardu, sai dai su ce, “Yau mai gashi ne ko fari?”

Zuwana na fari, Dije ta kawo mini romon da Inna ta dafa, na ɓuya bayan bukka na sha. Da na zo yin godiya, leɓɓana suka manne, na buɗe baki ya ƙi buɗuwa. Inna ta dubi jaririya ta ce, “Kin ga amfanin romo na gaskiya. Har ubanki ya yi shiru.”

Yanzu in na je sayen ƙashi, mummunan nake nema: mai nauyi, mai ja a bakin sara, mai gaɓa da jijiya, mai ɓargo cike har baki. Kuma kafin in taya, sai na tsaya na ga inda ƙudaje suka taru. Na yarda sun fi ni sanin ƙashi, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya gaya wa mai shayi ba.