Lotsewar Ƙofar Motar Baba

Ko me zan manta a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da safiyar Asabar ɗin da na tara mutanen layinmu a Karu su zo su ga gwanintata ba. Ni na gayyace su da bakina, ni na sa aka soya musu ƙosai, ni na ce kowa ya zo da wayarsa ya ɗauka. Wato kunyar da na sha ranar, har kujerun 'yan kallo ni na jera da hannuna.

Bari in fara daga motar. Babana yana da wata tsohuwar mota ruwan toka, irin masu dogon hanci da ƙarfe mai kauri, wadda ya saya tun yana ƙaramin ma'aikaci a Legas, kafin a haife ni. Da ita ya kwaso mu zuwa Abuja lokacin da aka dawo da ma'aikatarsu. A gida Dattijuwa muke ce mata. Bayan rasuwar Inna, mahaifiyarmu, idon Baba ya fara rauni, sai na ɗauko shi ya dawo wurina, shi da motarsa. Ta samu wuri a gindin mangwaron tsakar gida ta yi zamanta, tayoyinta suka sace, ƙadangaru suka mayar da ita gidan haya.

A ƙofar gaba ta hannun dama akwai wani wuri da ya lotse, ya ɗan fi tafin hannu faɗi. Aikin Inna ne. Ina firamare ta matsa lallai sai Baba ya koya mata tuƙi, ranar farko kuwa ta ja mota ta goga ta da ginshiƙin ƙofar gida. Daga ranar ta ce ta yafe tuƙi duniya da lahira. Tun daga lokacin nake ganin Baba, duk sanda zai shiga mota, sai ya zagaya ta wannan gefen, ya shafa wurin da tafin hannu, ya girgiza kai. Ni kuma da yake Allah ya yi ni da saurin fahimta (ku riƙe wannan, za mu dawo kansa), na yanke hukunci cewa takaici ne. Na ce a raina: bawan Allah, shekara da shekaru abin na cin sa, bai samu halin gyarawa ba.

Wata rana mun dawo daga asibitin ido, likita ya gama yi mana bayanin cewa abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage ma lallaɓa shi za a yi, Baba ya zaunar da ni. Ya ce, "Ina so in je Misau in ga 'yan uwa tun ina iya bambanta fuska da fuska. Kuma a motata nake so in je. Ka kai ta a duba inji, a duba birki, a sa mata taya. Shi ke nan."

Shi ke nan ya ce. Da kunnena na ji.

Na sa aka ja Dattijuwa zuwa garejin Oga Sande a Mararaba, wani bakanike mutumin Filato da ya san tsofaffin motoci. Gaskiya mutumin ya yi aiki. Ya wanke kafireta, ya toshe yoyon lagireto, ya sauya filogi da fanbel, ya ɗaure birki, aka zuba sabon baƙin mai, aka sa tayoyi da batir. Muka gwada ta har Keffi muka dawo, ko tari ba ta yi ba. Hanyar Akwanga da hawan Jos ne abin tsoro, amma ya ce in dai ina tsayawa ina duba ruwa, za ta kai mu Misau ta dawo. Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labarin ba ku.

Amma a kwanakin nan na faɗa kallon hotunan tsofaffin motoci a waya, waɗanda 'yan gayu ke gyarawa su koma kamar yau aka sauke su daga jirgi. Sai na ji ni ma ina so a ce ɗan Alhaji ya yi abin kirki. Kada ku ɗora wa Oga Sande laifi, shi bai kawo maganar ba. Ni ne na buga bayan motar na ce, "Oga, wannan jikin fa?"

Ya ce, "Alhaji, in ka ce a yi, za mu yi shi ya koma amarya. Mai bugun jiki yana nan baya, mai fenti yana nan, mai kujera ma ɗan'uwana ne. Amma ka tambayi Baba?"

Na ce, "Ai ba-zata zan yi masa."

Ko matata Hauwa ban gaya wa ba, don na san ita da Baba ba sa ɓoye wa juna komai. Kullum in na tashi daga ofis sai in kutsa cikin cunkoson Nyanya in tafi gareji, in tsaya a kansu da hannu a baya kamar injiniya. Na sa aka fitar da tsofaffin kujeru, har da wadda ta lanƙwashe a gefen da Inna ke zama, da rigar kujerar da ta ɗinka da wani tsohon zaninta. Wani ƙamshin turaren wuta ya tashi da aka ɗaga su, na toshe hanci na ce ƙura ce. Aka sa sababbi na jar fata. Aka fesa fenti shuɗi mai sheƙi. Da aka zo kan ƙofar nan kuwa, na ja mai bugun jiki gefe na ce, "Ka ga wurin nan? Ko alama kar ka bari. Shekara da shekaru yana ɓata wa mahaifina rai."

Duk yamma Baba sai ya tambaya, "Dattijuwa fa?" In ce ana neman wani ƙarfen inji a Zuba. Ya ce, "To, Allah ya sa a samu."

Ranar tafiya ta zo. Tun jajibiri na sa aka kawo motar Baba yana masallaci, aka lulluɓe ta da tampol. Da safe na sha sabuwar shadda, na kafa hula. Maƙwabta suka hallara, limamin masallacinmu ya zo don addu'ar tafiya, wani abokin aikina ya ɗaga waya. Hauwa ta riƙo hannun Baba ta fito da shi, tana ta kallona da alamar tambaya.

Na yi jawabi. (I, jawabi. Har da gyaran murya.) Na yi magana a kan haƙƙin iyaye, na ce ɗa nagari shi ne mai gane abin da ke ran mahaifinsa tun bai furta ba. Liman ya gyaɗa kai. Sannan na fizge tampol, ya maƙale a madubi, na sake fizga har hulata ta faɗi.

Wuri ya ɗauki "Masha Allah!" Wani ya ce ko a bikin 'yar gwamna za a shiga da ita. Ni kuwa sai washe baki nake, ina jiran Baba ya rungume ni.

Baba ya saki hannun Hauwa. Ya tako a hankali, ya nufi gefen dama kamar yadda ya saba, ya ɗora tafin hannu a ƙofar. Ya shafa. Ya ɗan matsa gaba ya shafa, ya dawo baya ya shafa. Sai ya bi jikin motar da hannu, ya zagaye ta kaf, mutane suna ja masa baya, har ya dawo inda ya fara. Ya buɗe ƙofar ya sunkuya ciki, ya shaƙa, ya daɗe a haka. Da ya ɗago sai ya ce, "Motar wa aka aro?"

Aka yi dariya, an ɗauka raha ce. Ni na fi kowa dariya. Na ce, "Taka ce, Baba! Dattijuwa ce!"

Ya ce, "Ina wurin Innarku?"

To, a nan ne mai hankali zai ji sanyi a jikinsa ya yi shiru. Ni kuwa sai na ɗaga murya don na baya su ji, na ce, "Ai mun kawar da shi, Baba! Ko alama babu! Ni na tsaya a kansu!"

Na ga Hauwa ta ɗora hannu biyu a ka. Abokin aikina ya sauke wayarsa a hankali ya tura ta aljihu. Baba ya tsaya da hannunsa a kan ƙofar da ta yi sumul, ni kuma murmushina ya bushe a fuskata na rasa yadda zan sauke shi. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar jana'izar Inna, sai ranar, a gaban mutanen da na tara.

Ya share da bakin rawaninsa ya ce, "To. Sannu da ƙoƙari. Allah ya yi albarka." Ya juya ga liman ya ce ƙafarsa ke ɗan ciwo, a ɗage tafiyar. Ya laluba bango ya shige ɗaki.

Liman, Allah ya saka masa, ya ɗaga hannu ya yi addu'ar duk da haka, gajeriya. Mutane suka zame ɗaya bayan ɗaya, wasu ko ƙosan ba su taɓa ba. Da tsakar gida ta zama daga ni sai Hauwa, ta ce, "Baban Walid, kullum da safe in ka tafi ofis, nan yake zuwa ya dafa wurin nan ya yi mata addu'a. Wani lokaci har hira yake yi da ita, yana dariya. Yanzu da ba ya ganin hotonta, wannan ne kaɗai yake iya taɓawa. Me ya hana ka tambaya?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe girgiza kan da na yi shekaru ina fassarawa da takaici, dariya ce yake dannewa.

Kuna tsammanin a nan wautata ta ƙare? Ranar Litinin na koma gareji. Na fara tambayar tsofaffin kujeru, Oga Sande ya ce ai 'yan bola sun kwashe tun ranar. Sai na ja shi gefe, na rage murya na ce ina so a mayar da lotsewar.

Ya ce, "A mayar da me?"

Na ce, "Wurin da ya lotse. A sake lotsa shi."

Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ƙwala wa mai bugun jiki kira: "Zo ka ji Alhaji! Ya ce mu ɓata aikin da muka yi!" Kafin ka ce me, duk garejin sun taru, har da mai sayar da shayi. Haka na tsaya a tsakiyarsu ina zana wurin da yatsa, ina cewa a'a, ƙasa kaɗan, a'a, ta fi haka zurfi. Mutumin ya naɗe guduma da tsumma ya kai wa sabon fentin duka, kowane duka sai 'yan kallo su ce "Wayyo!"

Na kawo mota gida, na riƙo hannun Baba na ɗora a wurin. Ya shafa sau ɗaya. Sai ya yi murmushi, na farko tun ranar Asabar. Ya ce, "Wannan guduma ce. Innarku da ginshiƙi ta yi nata, kuma tana yi tana salati tana dariya. Bar wahalar da kanka."

A motar haya muka tafi Misau. Na kama masa kujerar gaba a tashar Mararaba, ni na matsu a baya tsakanin buhun doya da wata mata mai goyo. Duk hawan Jos ɗin da muka yi ta shiri dominsa, a motar wani muka hau shi. Baba ya ga 'yan uwansa, ya gane wasu da ido, wasu da murya. Da hutuna ya ƙare na ce ya shirya mu koma, sai ya ce zai zauna wurin ƙaninsa. Na roƙe shi, na ce ko fushi yake. Ya riƙe hannuna ya ce, "Wallahi ba fushi nake ba. Abin da ya zaunar da ni a can ne ka riga ka gyara."

Yana Misau har yau. Muna waya, yana tambayar Walid da Hauwa, bai taɓa tambayar motar ba. Idon kuwa ya ƙarasa rufewa, tafiyar da ya roƙa a motarsa ba za ta sake yiwuwa ba, kuma wannan yana ci mini rai fiye da duk dariyar da aka yi mini.

Dattijuwa tana nan a gindin mangwaro, shuɗiya, tana sheƙi. Masu son saye suna zuwa su zagaye ta, kowa ya ce mota ta yi, sai dai a buga wannan ƙofar. In ce musu a bar ta, tawa ce. Abin da na koya dai bai da yawa: in dattijo ya ce a duba inji, a duba birki, a sa taya, shi ke nan, to shi ke nan ɗin ma yana cikin aikin. Yanzu ko maɓallin rigar mutum na ga ya karkace, sai na tambaya wa ya ɗinka shi.